Yaya da Ƙanwa: Abin da Ke Riƙe Ƙungiyar Mata 'Yan Makaranta

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ta gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara a Babura



Ina godiya ga kwamiti da ya ga ya dace in tsaya gabanku, alhali kuwa a cikin zauren nan akwai waɗanda suka koya mini yadda ake tsara jimla. Saboda haka ina roƙon malaman Hausa su bar jan bironsu a aljihu, yau ranar hutu ce. Abin da aka ce in yi magana a kai shi ne tarihin ƙungiyoyin mata waɗanda neman ilimi ya haɗa su, da irin ɗabi'un da suke tafiya a kai. Da na zauna na duba, sai na ga ƙungiyoyin da suka yi ƙarko, na gida da na ƙetare, kusan duk abu ɗaya ne ya riƙe su, wato babba ta kama hannun ƙarama, da saninta da sanin kowa, har ta tsallakar da ita wani wuri mai wuyar tsallakawa. A kan wannan zan tsaya, domin ina ganin akwai aikin da yake jiranmu a nan ƙasar Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa.

Tun kafin a buɗe makarantun boko na 'yan mata na farko a Kano da Katsina wajen 1930, matan Hausa suna da nasu tsarin zumunci wanda ba na jini ba. Akwai ƙawance, tsakanin tsara da tsara. Akwai kuma wanda ya fi jan hankalina, wato yaya da ƙanwar rana, inda budurwa ko matar aure za ta ga yarinya ta kwanta mata a rai, ta nemi iznin iyayenta, ta ɗauke ta a matsayin ƙanwa. Ita ce mai yi mata kitso da lalle, ita ce mai ja mata kunne, ranar aurenta kuma ita za ta tsaya mata. Wadda take son ganin yadda abin yake a zamanin kakanninmu ta nemi littafin nan na tarihin rayuwar Baba ta Karo, wata tsohuwa mutuniyar ƙasar Kano, wadda Baturiya Mary Smith ta rubuta labarinta a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Ku lura da abu ɗaya: ba a ɓoye ake ƙulla wannan zumunci ba. Akan kai goro, iyaye su sani, unguwa ta shaida.

Haka kuma biki, ba ina nufin shagali ba, ina nufin gudummawar nan da in kika kawo mini sule a sunana, ni kuma in mayar miki da sule biyu a naki. Tsofaffinmu ba su iya rubutun boko ba, amma babu wadda take mance abin da ake binta ko wanda take bi. Da ma'ajin kowace ƙungiya zai riƙe lissafi kamar yadda suke riƙewa, da ba a ji rigimar kuɗi ba.

To, amma ƙungiya ta farko a ƙasar nan da za a ce karatu ne ginshiƙinta, ita ce ta 'Yan Taru. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, matar Waziri Giɗaɗo, an haife ta a 1793, ta rasu a 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Wajen shekarun 1830 ta fuskanci wata matsala da duk malamin da ke nan zai gane: ga mata birjik a ƙauyuka masu buƙatar ilimi, ga malama ɗaya a birni, ga kuma matan aure da ba za su bar ɗakunansu da 'ya'yansu su yi tafiyar kwana da kwanaki ba. Dabarar da ta yi ita ce ta dubi waɗanda tafiya ba za ta zame musu abin magana ba, wato tsofaffin da suka gama haihuwa da 'yan matan da ba su kai aure ba. A kowane ƙauye ko yanki sai a sami dattijuwa mai hankali da riƙon amana, a naɗa ta jaji. Kalmar ma daga fatauci aka aro ta, don jaji shi ne mai shige wa ayari gaba. Ita jajin ce za ta tattaro 'yan mata da tsofaffi, ta jagorance su a ƙasa har wurin Nana, ta kula da cinsu da makwancinsu da mutuncinsu a hanya, su ɗauki karatu, ta komo da su gida lafiya, su kuma su shiga gida-gida su koyar da waɗanda ba su sami zuwa ba.

Akwai hikimomi a cikin wannan tsari da ya kamata mu tsaya mu duba. Karatun a waƙe aka tsara shi, domin mace ta ɗauke shi a ka, ta riƙa maimaitawa tana kaɗi ko tana daka, ba sai da takarda ba. Alamar jaji kuwa malfa ce da jan ƙyalle da ake naɗa mata, irin wadda a da Innar Gobir, shugabar 'yan bori, take sawa. Nana ba ta ce a ƙone malfa ba. Ta ɗauki abin da mata suka riga suka saba girmamawa, ta ɗora shi a kan mai ilimi. Bayan haka, jaji ba karatu kawai take kaiwa ƙauye ba. Ita ce mai sasanta mata in sun sami saɓani, ita ce mai duba mara lafiya, ita ce mai wankan gawar mace. Kyaututtukan da ayarin yake kawowa, su hatsi da zuma da man shanu da zane, akan raba wa mabukata. Nana har marsiyya ta yi wa ɗaya daga cikin jajojinta, wanda ke nuna ba 'yan aike ta ɗauke su ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin bai mutu da mutuwar mai shi ba. Da Nana ta rasu, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da karɓar 'Yan Taru. Maryam ɗin nan ita ce ta taɓa auren Sarkin Kano Ibrahim Dabo, Dabon nan da mutanen Kazaure ba su mance da fafatawarsa da Ɗantunku ba, amma wannan zance ne na malaman tarihi. Bayan Maryam wasu suka gada. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, mulki ya sake hannu, amma jajoji ba su fasa zuwa ba. Jean Boyd, Baturiyar da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta kuma wallafa littafi a kan Nana a 1989, ta tarar da su da ransu, ta zauna da su ta ji daga bakinsu. Har a Amurka, a birnin Pittsburgh, an sami Musulmi mata baƙaƙen fata da suka kafa ƙungiya da sunan 'Yan Taru, suna koyi da wannan tsari.

Zamanin boko ya zo da nasa. A 1963 aka kafa Jam'iyyar Matan Arewa a Kaduna, wadda ta shahara da riƙon marayu da buɗe makarantu. Cikin waɗanda aka kafa ta da su akwai Hajiya Laila Dogonyaro, kuma ina so 'yan Jigawa su riƙe wannan suna, domin a Garun Gabas ta ƙasar Haɗeja aka haife ta a 1944. An yi mata aure tana ƙarama, amma ta kai ga shugabancin majalisar ƙungiyoyin mata ta ƙasa baki ɗaya daga 1993 zuwa 1995, ta rasu a 2011. Ku tuna a lokacin da suka fara, macen Arewa ko ƙuri'a ba ta da ikon jefawa, sai a 1976 aka ba ta. A 1982 wani taron ƙara wa juna sani a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya haifi ƙungiyar WIN. A Oktoban 1985 kuma, a Minna, aka kafa FOMWAN, wadda ta tattara ƙungiyoyin mata Musulmi na ƙasar nan a inuwa ɗaya, Hajiya A'isha Lemu ta zama Amira ta farko. Da yawa daga cikin waɗanda suka kafa ta a makaranta suka san juna, a ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS wadda aka fara a Legas a 1954, da kuma ta 'yan'uwa mata ta MSO. Zumuncin ɗakin kwanan ɗalibai ne ya girma ya zama makarantu da asibitoci. Marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta yi editan jaridar Sunday Triumph a Kano da New Nigerian a Kaduna, ta kuma rasu a Mina a aikin Hajjin 2015, tana cikin WIN tana kuma cikin FOMWAN.

A gefe guda kuma mun ga shirye-shiryen da aka jingina da kujerar mulki. Da yawanmu mun tuna da shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta fara a 1987. An yi ayyuka, ba a musu. Amma da gwamnati ta sauka sai aka sauke allon, a 1994 aka kafa wani da sunan tallafa wa iyali. Duk ƙungiyar da numfashinta yake hannun mai mulki, to wa'adinsa shi ne wa'adinta. Wannan jan kunne ne gare mu duk lokacin da zaɓe ya matso, 'yan takara suka fara tuna cewa akwai tsofaffin ɗalibai.

Yanzu ku ba ni dama in ƙetara teku kaɗan, don akwai wani misali a Amurka da ya yi kama da namu ƙwarai. A jami'o'insu akwai ƙungiyoyin 'yan mata da suke kira sororiti, kalmar da ta samo asali daga Latin, inda take nufin 'yar'uwa. Sukan raɗa musu suna da haruffan Girka biyu ko uku. Tun ƙarni na 19 ake yin su, amma na fararen fata ne, ba sa karɓar kowa. Saboda haka baƙaƙen fata suka kafa tasu, Alpha Kappa Alpha, a Jami'ar Howard a 1908, wadda Kamala Harris, mataimakiyar shugaban Amurka daga 2021 zuwa 2025, ta shiga tana ɗaliba.

'Ya'yan mutanen Asiya su ma haka ta same su. A Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, 'yan mata 14 'yan asalin Japan, haifaffun Amurka, suka ga ƙofofin nan a rufe suke gare su, sai suka kafa tasu mai suna Chi Alpha Delta, jami'a ta amince da ita a 1929. Shekara ɗaya bayan haka, a 1930, 'yan asalin ƙasar Sin da ke kwalejin horon malamai ta San Francisco suka kafa Sigma Omicron Pi. Yawancin yaran nan iyayensu baƙi ne, manoma da masu shaguna, ba su san yadda jami'a take ba balle su ba da shawara. A gida ana son yarinya ta riƙe al'ada, a makaranta ana kallonta bare. Ƙungiyar ita ce wurin da za ta sami wadda ta riga ta bin hanyar. A 1938 'yan Chi Alpha Delta suka nemi sayen gida a layin da sauran ƙungiyoyin suke da gidaje, aka hana su saboda sharaɗin da ya haramta sayar wa mutanen Asiya fili a wurin. Sai ga yaƙin duniya na biyu. A Fabrairun 1942 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar da aka yi amfani da ita aka kwashe mutane wajen 120,000 'yan asalin Japan aka tsare su a sansanoni, mafi yawansu kuwa 'yan ƙasa ne. Ƙungiya ta watse. Da yaƙi ya ƙare, a 1946, tsofaffin 'yan ƙungiyar suka komo suka tashe ta, kuma ga ta nan har yau.

Daga ƙarshen shekarun 1980 sai irin waɗannan ƙungiyoyi suka yawaita, saboda 'ya'yan baƙi daga Sin da Koriya da Filifin da Biyetnam da Indiya sun cika jami'o'i. A 1990 aka amince da alpha Kappa Delta Phi a Berkeley, ita ma mutum 14 suka kafa ta. A 1994 aka yi Sigma Psi Zeta a Albany ta jihar New York, a 1998 kuma Delta Phi Lambda a Jami'ar Jojiya. Abu biyu na ɗauka daga gare su. Na farko, duk sabuwar da ta shigo sai an haɗa ta da wata babba, a kira su yaya da ƙanwa, ita ma ƙanwar in ta kwana biyu a ba ta tata, har abin ya zama salsala, mace ta iya lissafa yayar yayarta. Ashe ƙanwar rana ce ta je Amurka ta sa wando. Na biyu, kowace ƙungiya ta zaɓi aiki guda ta riƙe. Ta Berkeley ta ɗauki wayar da kai a kan sankarar mama, ta Albany ta ɗauki yaƙi da cin zarafin mata, ta Jojiya ta ɗauki ciwon lalacewar ƙashi wanda ke damun mata in sun manyanta. Ba su ce za su gyara duniya ba. Shekara ta zagayo, kowa ya san abin da za a tara wa kuɗi.

Na san a cikin malamanmu akwai wanda zai ce, Hajiya, wannan ba ita ce hanyar ƙungiyar asiri ba? Tambayar tana kan hanya. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa ƙungiyar Pyrates a Kwalejin Jami'a ta Ibadan da niyyar yaƙi da ƙabilanci da girman kan 'yan boko, amma kowa ya ga abin da ya tsiro a jami'o'inmu daga baya, har da na mata. A Amurka ma azabtar da sababbin shiga ya ci rayukan ɗalibai, har a Disamban 2024 aka yi dokar tarayya da ta tilasta wa jami'o'i bayyana irin wannan aika-aika. Akwai kuma tsadar kuɗin shiga da ke hana 'yar talaka. Bambancin a wurina a fili yake. Jaji da rana tsaka take fita daga gari, da iznin mai gida, kowa ya san inda za ta da ranar da za ta dawo. Duk zumuncin da sai an yi rantsuwa a duhu, ko sai an wulaƙanta yarinya kafin a karɓe ta, ba shi da alaƙa da abin da nake magana a kai.

Ba sai mun je nesa ba ma. Kowace ɗaya a cikinmu ta shigo makaranta da akwatin ƙarfe da ƙullin garin kwaki da ƙuli-ƙuli, ido ya raina fata, ba ta san inda famfo yake ba. Kowa ta san uwar ɗaki da 'yar ɗaki. Akwai siniyar da in ta ɗauke ki, kin huta: ta hana a taɓa ki, ta duba littafinki lokacin karatun dare, ta kai ki wurin nas in zazzaɓi ya kama ki, ranar ziyara in ba a zo miki ba ta raba nata biyu. Akwai kuma wadda ta ɗauki 'yar ɗaki don ta sami mai wanki da guga da ɗebo ruwa. Shekara nawa ke nan, amma in na ce kowa ta faɗi sunan ta farkon, ba wadda za ta yi inda-inda. Ta biyun ma ba a mance ta ba, ana dai gaisawa ne saboda zumunci.

To, ina ne yaranmu suke buƙatar jaji a yau? A ganina wurin shi ne tsakanin aji shida na sakandare da ƙarshen shekarar farko ta babbar makaranta. Can ne muke zubar da su. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, yarinyar Babura in tana son jami'a sai Kano ko Zariya ko Sakkwato. Yanzu ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, ga ta jiha a Kafin Hausa tun 2013, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka ba Babura a 2021. Makaranta ta zo har ƙofar gida. Abin kunya ne a ce ɗakunan kwanan 'yan mata sun cika da 'ya'yan wasu garuruwa, muna murna da zuwansu, amma 'yar Insharuwa da 'yar Takwasa da 'yar Kanya sai dai su kai tallar gyaɗa bakin ƙofa.

Abubuwan da ke kayar da su ba manya ba ne in an dube su ɗaya-ɗaya. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, yarinyar da ba ta taɓa dafa madannai ba sai ranar jarrabawa, rabin lokacinta a tsoro zai tafi. Kafin rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma in an rubuta sunanta ko ranar haihuwarta daban da na takardar WAEC ko NECO, an shiga wahala. Wata ta zaɓi fannin da darussan da ta ci ba su dace da shi ba, don ba wanda ya gaya mata. Wata an ba ta gurbi, amma ba ta san sai ta shiga intanet ta karɓa ba, har lokaci ya wuce. Akwai asusun lamunin ɗalibai da Gwamnatin Tarayya ta buɗe a 2024, amma wa zai zauna da ita ya cika mata? Duk waɗannan, wadda ta bi hanyar za ta warware su da waya ɗaya.

Babbar matsalar kuwa tana zaure. Uba da yawa ba ƙin karatu yake ba. Tambayarsa ɗaya ce: in ta tafi can, hannun wa take? Idan ba a ba shi amsa ba, ga kuma mai neman aure yana sintiri, kun san yadda zancen yake ƙarewa. Wannan ita ce tambayar da Nana Asma'u ta amsa da jaji. Ranar da ma'aikaciyar jinya ko malamar makaranta, 'yar garin, wadda ya san ubanta, ta yi sallama a ƙofar gidansa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce Baba, yarinyar nan a hannuna take, ga lambata, zan riƙa leƙa ta ina kawo maka labari, to an cire masa ƙaya. Kuma ba dole ba ne aure ya hana karatu. Da yawa a cikin zauren nan da goyo suka karɓi digiri, su suka fi kowa sanin yadda ake shawo kan miji da uwar miji.

Ba ina raina abin da ƙungiyarmu take yi ba. Muna zuwa biki da suna da ta'aziyya, kuma wannan zumunci ne na gaske. Amma in aka auna kuɗin da ke tafiya a anko a shekara da wanda ke shiga asusu, ma'aji ta fi ni sanin wanda zai rinjaya. Zaurenmu na WhatsApp kuwa, in aka cire barka da Juma'a da hotunan da aka turo daga wani wuri, abin da zai rage ba shi da yawa.

Shawarar da nake kawo wa wannan taro ita ce mu ɗauki aiki guda, kamar yadda waɗancan suka yi, mu ce namu shi ne raka yarinya daga aji biyar har ta gama shekarar farko a gaba da sakandare. Duk wadda take da hali a cikinmu ta ɗauki ƙanwa ɗaya, ɗaya tak, kada a yi haɗama a ɗauki biyar a kasa riƙe ko guda. Hali kuma ba kuɗi kawai nake nufi ba. Kuɗin rajista da na mota asusun ƙungiya ne zai ɗauka gwargwadon ƙarfinsa, abin da ake nema wurin yaya shi ne lokaci da ido. Za a yi shi a bayyane: shugabar makaranta ta sani, iyaye su yarda, a rubuta suna a littafi. Ƙanwa ba za ta yi wa yaya wanki ko raino lokacin hutu ba, ba kuma za a mayar da ita 'yar aiki da sunan taimako ba. In yaya ta ga ba za ta iya ba, ta faɗa wa kwamiti a sake wa yarinya wata, kada ta yi shiru ta ɓace. Sharaɗi ɗaya za a ɗora wa ƙanwa, shi ne in ta tsaya da ƙafarta, ita ma ta ɗauki wata.

Zaɓen yaran kuwa, a nan ne muke buƙatar iyayenmu malamai. Idan aka bar mana, kowa 'yar ƙanwarta za ta kawo, ko 'yar maƙwabta. Malamin aji shi ya san yarinyar da take da kai amma ba ta da gata, wadda take zama a baya ba ta ɗaga hannu, amma in an duba takardarta sai a yi mamaki. Ina roƙon a fi ba da ƙarfi ga ƙauyukan da ke nesa da kwalta, na ƙasar Roni da Gwiwa da kan iyakarmu da Nijar, inda da wuya yarinya ta taɓa ganin macen garinsu da ta gama jami'a. Haka kuma ina roƙon a sa waɗanda suka gama makaranta kwanan nan a cikin kwamitin, domin su suka san yadda rajistar yanzu take, mu namu sanin na zamanin fom ɗin takarda ne da hoto huɗu. Lissafin kuɗi kuma a karanta shi a gaban kowa a taro mai zuwa, tare da sunan kowace yarinya da inda ta kai, har da waɗanda ba su kai ba da dalilin da ya sa.

Sakatariya ta ajiye littafi a teburin bakin ƙofa. Wadda ta amince ta rubuta sunanta da garin da take zaune da aikinta da lambar wayarta kafin a tashi, don kwamiti ya san yawan yayyen da yake da su kafin ya je wurin shugabar makaranta. Waɗanda ke zaune a Kano da Dutse da Zariya kada su ce sun yi nisa, su ne ma za su karɓi yaran da aka tura can.

 Malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, da 'yan ajinmu da ba su kawo yau ba, Allah ya jiƙansu da rahama. Masu komawa Kazaure da Roni da Gwiwa, Allah ya kai ku gida lafiya kafin duhu.